Rigar Tafiyar Popo

Duk mai sayen kifi a kasuwar Springvale da ke birnin Melbourne ya san Waihan, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeruwar matar nan ta rumfa ta uku daga ƙofar baya, mai takalmin roba har gwiwa, wadda kan gama feɗe kifi tun kana cikin bayanin yadda kake so a yanka maka. Shekara ashirin da shida ke nan tana tsaye a wurin. Ba ta da fara'a, kuma ba ta taɓa wahalar da kanta wajen yin kamar tana da ita ba. In mutum ya tsaya yana latsa cikin kifi da yatsa, sai ta ce, "Saya za ka yi, ko zazzaɓi kake auna masa?" Jama'a su yi ta dariya, ita ko a jikinta.

Wata Asabar ta watan Oktoba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, kasuwa ta cika maƙil, wayarta ta yi ƙara a aljihun rigar aiki. Nas ce daga asibitin da mahaifiyarta, tsohuwa Lok, ta kwana tara tana kwance.

"Numfashinta ya canza," in ji nas ɗin. "In akwai wanda za a kira, yau ya kamata a kira shi. Sannan ta farka ɗazu tana ta nanata magana ɗaya da yarenku. Wata abokiyar aikinmu da ke ji ta ce kaya take cewa a kawo mata."

Waihan ta ajiye wuƙa a kan kifin da ba ta gama ba. Ta san kayan da ake nufi.

Tana da shekara tara suka baro Saigon a cikin wani kwalekwalen masunta da aka cusa wa mutum tamanin. A kwana na shida 'yan fashin teku suka tare su, suka kwashe zobba da agoguna, har da rigunan jikin maza. A kwana na goma sha ɗaya mahaifinta ya cika. Ba ƙyalle ko ɗaya da za a iya rabuwa da shi, don haka aka sake shi cikin ruwa daga shi sai gajeren wando. Mahaifiyarta ta tsaya tana kallo har ruwa ya rufe shi, ba ta zubar da hawaye ba, kuma daga ranar ba wanda ya ƙara jin ta yi waƙa.

A Melbourne tsohuwa Lok ta yi shekara ashirin da biyu a garejin gida tana taka keken ɗinki, tana haɗa wa kamfanoni wuyan riga da aljihu. Waihan ce mai yanke ragowar zare in ta dawo daga makaranta, har ta tsani allura kamar yadda wasu ke tsanar maciji, ta rantse ba za ta ƙara riƙe ta ba in ta girma. Ƙanenta Kinwah ya yi karatu ya zama likitan haƙori a Perth, hotonsa da hular kammala jami'a na rataye a falo. Ita kuwa ta bar makaranta a aji na goma, ta auri wani direban tasi wanda ya tafi Brisbane neman aiki ya manta hanyar dawowa, ya bar ta da 'ya ɗaya, Selina. Tsohuwar ba ta taɓa zaginta a kan haka ba. Da ma ta zage ta da ya fi sauƙi. Abin da takan yi shi ne ta dubi hoton bango, ta dubi Waihan, ta ci gaba da cin shinkafarta.

Amma ba Kinwah ta kira ba ranar da ta gama ɗinkin kayan tafiyarta. A shekarar da kalandarsu ta zo da wata goma sha uku, wadda tsofaffi ke cewa ita ce ta dace da irin wannan aiki, ta sayo siliki shuɗi mai duhu, ta zauna kwana arba'in tana ɗinki da hannu. Riga ce doguwa da wando. Babu maɓalli, babu aljihu, kuma duk tsawon ɗinkin ba ta ƙulla zare ko sau ɗaya ba, don ƙulli yana ɗaure mamaci da gidan da ya bari. Da ta gama ta ninke su a cikin wani tsohon akwati ruwan ƙasa, ta tura wa Waihan a gabanta.

"Ke za ki sa mini," ta ce. "Tun ina da sauran numfashi za ki sa mini, ba bayan na sanyaya ba. Yadda numfashi ya bar mutum haka zai isa can. Ba zan je wurin ubanki yadda shi ya tafi ba."

Wannan ne kaɗai abin da ta taɓa danƙa mata a duniya. Waihan ta ɗora akwatin a saman kabad ɗin ɗakinta, aka ja baki aka yi shiru. A gidansu ba a ambaton mutuwa, ko a labarai aka kawo ta sai a canza tasha. Selina ta yi rarrafe ta yi tafiya a ƙarƙashin wannan akwati, ta kai shekara ashirin da ɗaya, ba wanda ya taɓa ce mata ga abin da ke ciki.

Daga kasuwa Waihan ta wuce gida ko takalmin roba ba ta cire ba. Ta taka kujera ta jawo akwatin, tun bai iso ƙasa ba ta ji ba shi da nauyin da ta sani. Wandon na nan a ninke. A inda rigar take sai wata 'yar takarda rawaya, da rubutun Selina mai manyan baƙaƙe.

"Ma, na ari shuɗiyar rigar Popo, ta yi kyau ba kaɗan ba! Me ya sa kuke ɓoye irin wannan? Zan dawo da ita. Kar ki manta, Asabar ƙarfe huɗu, na ajiye miki kujera a layin gaba."

Popo shi ne sunan da Selina ke kiran kakarta da shi. Kwanan watan da ke jikin takardar ya nuna mako uku da suka wuce.

Waihan ta zauna a ƙasa daɓas. Sai yanzu maganganun da Selina ta yi wata takwas tana yi a kan tebur suka dawo mata ɗaya bayan ɗaya, maganganun da takan amsa da "uhm" ido na kan kwano. Ɗaliban jami'arsu ne ke shirya bikin nuna tufafi da raye-raye, abin da aka tara za a kai gidan da ke ba matan da suka gudo daga duka mafaka. Selina ce shugabar shirin. An roƙi kowa ya binciko akwatunan kakanni ya kawo tsofaffin kaya, na Sin da na Indiya da na Koriya da na ko'ina, masu koyon tsara tufafi su haɗa su da na zamani. Waihan 'yar tela ce, ko tana so ko ba ta so. Ta san ba a haɗa tsoho da sabo sai almakashi ya shiga tsakani.

Sau bakwai ta kira Selina, wayar a kashe. Ta cusa wandon a jakar leda ta faɗa mota.

Hanyar shiga gari ranar ta cushe da masu zuwa kallon ƙwallo, motoci na rarrafe, wasu samari sun leƙo ta taga suna kaɗa tutoci. Waihan ta danna hon. Ta yi wa Selina ashar a zuci, ta yi wa kanta, ta yi wa wanda ya fara ƙirƙiro bikin nuna tufafi da zuriyarsa. Ana cikin haka Kinwah ya kira daga filin jirgin Perth, ya ce sai dare zai sauka.

"Yaya, kin kai mata kayan?"

"Ina hanya."

"Ki yi sauri mana. Kin san halin Mama."

Ta kashe wayar, don in ta buɗe baki abin da zai fito ba zai yi daɗin ji ba.

Ƙarfe ɗaya da rabi ta isa babban zauren jami'ar. Ta bar motar a inda aka rubuta ba a tsayawa. A ƙofa wata yarinya mai riƙe da takardar sunaye ta tare ta, ta ɗan ja baya da warin kifi ya buge ta, amma ta daure ta yi murmushi.

"Anti, ba mu buɗe ba tukuna, sai uku da rabi. Kina da tikiti?"

"Ni na haifi mai tikitin. Kauce."

Bayan dandali kamar an tashi kasuwa biyu a ɗaki ɗaya. Ana gwada manyan gangunan Japan har ƙirjin mutum na rawa. Wasu samari biyu sun zauna a kan ƙaton kan zakin da ake sawa a yi rawa suna cin taliya a kwali. 'Yan mata na wucewa da gudu, wata da sari da takalmin ƙwallo, wata da ƙaramar rigar Koriya a kan wandon jins, kowace fuska sharkaf da kwalliya. Kowa na murna, kowa na ihu, kuma duk wanda Waihan ta ratsa ta gefensa sai ya juyo ya dubi takalmin robarta. A tsakiyar hayaniyar ta hango 'yarta da abin magana manne a kunne, tana ba da umarni hannu bibbiyu.

"Ma! Kin zo da wuri!" Selina ta rugo za ta rungume ta, sai ta tsaya. "Haba Ma, a haka? Ko wanka ba ki..."

"Ina rigar?"

"Wace... Oh, ta Popo? Kin ga takardata ke nan. Zo ki gani, ita ce za ta rufe biki. Devika! Devika, ga mamata!"

Devika doguwa ce siririya, 'yar Indiyawan Fiji, da awon tela rataye a wuya da allurai a soke a hannun riga. Ta haɗa tafin hannu ta gaida Waihan, sannan ta ja labule tana ta washe baki.

Rigar na jikin mutum-mutumin tela. An cire hannayenta biyu. An farke ɗinkin gefe daga ƙasa har ƙugu, an bi bakin da gefen wani sari mai ruwan zinare, an danna da keke.

"Anti, ban taɓa ganin aikin hannu irin wannan ba," in ji Devika. "Kowane ɗinki daidai da ɗan'uwansa kamar da ma'auni. Kuma kin san abin mamaki? Ko ƙulli ɗaya babu! Zare ɗaya na ja, hannun ya faɗo mini kamar da ma jira yake."

Waihan ta dafa bango. "Ina hannayen?"

"Ɗaya na yi wa mai saka rigar ɗamara da shi, ban ma yanka shi ba. Ɗayan kuma na tsaga na yi wa 'yan rawa ƙyallen ɗaure gashi, don launin ya tafi tare. Su goma sha huɗu ne. Anti? Lafiya?"

Selina ta fara ɓata rai. "Ma, don Allah kar ki fara a nan. Shekara nawa tana ruɓewa a akwati ba wanda ya saka? Ko Popo ban taɓa ganin ta sa ba. Zan saya mata wata, wadda ta fi..."

Shekara ashirin Waihan na kewaye wannan kalma kamar mai kewaye rijiya da duhu. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Likkafaninta ne," ta ce. Muryar ta fito da ƙarfin da ba ta yi niyya ba, irin wadda take tallar kifi da ita. "Da hannunta ta ɗinka don a binne ta a ciki. Yanzu haka tana can tana mutuwa, tana kiran a kawo mata."

Waɗanda ke kusa suka yi tsit, shirun ya yi ta yaɗuwa har ya kai ga masu ganga. Wata waƙar rawa kaɗai ta rage tana tashi daga wayar wani, shi ma ya lalubo ya kashe. Selina ta dubi rigar. Fuskarta ta koma ta yarinya 'yar shekara biyar da ta fasa kwano.

"Ba wanda ya gaya mini," ta ce a hankali.

Gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona wa Waihan rai, don ba ta da wanda za ta kama.

Devika ce ta fara motsi. Hawaye na zubo mata. Ta zare rigar daga mutum-mutumin ta shimfiɗa a kan teburin guga, ta ɗauki abin farke ɗinki.

"Duk wanda ya iya riƙe allura ya zo nan," ta ɗaga murya. "A kawo ɗamarar. 'Yan rawa, ku kwance gashinku."

Haka 'yan matan suka jeru, waɗanda aka ɓata awa biyu ana gyara musu kai, kowace ta kai hannu ƙeya ta kwance, gashi ya zubo, ta ajiye ɗan shuɗin ƙyalle a kan tebur da hannu biyu. Wata ta ce, "Yi haƙuri, Anti." Ta bayanta ma ta ce haka. Waihan kuwa ƙirgawa take yi. Goma sha uku.

"Saura ɗaya."

Aka shiga kallon juna. Ashe ta goma sha huɗun ta gurɗe ƙafa shekaranjiya, ta koma gidan iyayenta a garin Geelong da ƙyallen a jakarta, tafiyar fiye da awa ɗaya, dawowa ma haka. Wani ya ce a nemo shuɗin yadi a cike gurbin. Aka zazzage buhunan ragowar yadi, aka kara wannan aka kara wancan, duk ba su yi ba, kusa da silikin tsohuwa kamar leda suke.

"A bar shi," in ji Waihan. "Baƙon yadi ba zai shiga ba. Ku haɗa abin da ke nan. Amma ku ji, dole hannun ya rufe yatsu. In yatsun mamaci suka fito, zuriyarsa roƙo za su yi."

Devika ta jera ƙyallayen ta auna. Ta ce dai a matse bakin ɗinki iya matsewa.

Mutum shida suka kewaye teburin. Biyu na cire gefen zinaren, suna bin ramukan da keke ya bari da farce don su lafa. Huɗu na haɗa ƙyallaye. Waihan na tsaye a kansu kamar shaho. Ba a yi minti goma ba ta ga wata 'yar Koriya ta kai ƙarshen layi, ta naɗe zare a yatsa ta ja, yadda duk wanda ya taɓa koyon ɗinki hannunsa ke yi ba tare da ya tambayi kansa ba.

"Kar ki ƙulla!"

Yarinyar ta firgita har allura ta soke ta. "Anti, in ban ƙulla ba ai zai warware."

"Ya warware ɗin! Kwance shi!"

Aka duba na sauran, ashe uku daga cikin huɗun duk sun ƙulla a farkon layi. Tsugune ba ta ƙare ba, aka sake farkewa. Agogon bango ya nuna biyu da minti arba'in. Waihan ta dubi hannayen yaran nan, masu kyau, masu jan farce, masu kirki, amma masu nawa kamar hawainiya. Ta je famfo ta wanke hannu da sabulu sau uku, warin kifi bai tafi ba. Ta dawo ta ture 'yar Koriyar gefe ta karɓi allurar.

Shekara talatin da biyar rabonta da ita. Yatsunta sun yi kanta, ƙanƙara da ƙayar kifi sun faffasa su, silikin na maƙalewa a kowace tsaga. Sai dai hannun bai manta ba. Ta ga allura na shiga tana fita da tazarar da ta sani tun tana yarinya a gareji, ta ji haushin hakan, amma ta ci gaba. Selina na tsaye a bayanta tana zura mata zare, ba ta iya komai ba sai wannan. Lokaci-lokaci wata murya kan yi ƙara a abin kunnenta ana neman shugaba, ba ta amsa ba.

Uku da rabi nas ta sake kira. "Ki taho yanzu," ta ce. "Ban ce anjima ba."

An mayar da hannun dama. An rufe gefe da gefe. Hannun hagu ya haɗu, amma ba a liƙa shi a kafaɗa ba. Daga can gaba ana jin jama'a sun fara shigowa, kujeru na ƙara, ana dariya. Waihan ta naɗe rigar ta soka allura a wuyan rigarta, ta nufi ƙofa ba ta waiwaya ba. Ba ta ce wa Selina ta zo ba. Wata takwas yarinyar ta zuba a wannan yini, ta sani ko da ba ta taɓa nuna ta sani ba.

A bakin mota ta ji an fizge makullin daga hannunta. Selina ce, babu abin magana a kunnenta.

"Ni zan tuƙa. Ke ki ɗinka."

An manna musu takardar tara a gilashi, ba wadda ta kula. Waihan ta shimfiɗa rigar a cinya tana liƙa hannun, mota na girgiza, allura na sukarta, tana tsotse jinin da sauri kar ya taɓa silikin. Sun wuce fitilun hanya wajen biyar kafin Selina ta yi magana.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Tuƙa."

"Kalma ɗaya, Ma. Da kin ce kar a taɓa akwatin nan, shi ke nan."

"Na ce ki tuƙa."

"In ta tambaya zan ce ni ce."

"Za ki rufe bakinki. Da wane yaren ma za ki gaya mata?"

Nan ma gaskiya aka faɗa wa Selina. Yaren kakarta bai wuce na kicin ba a bakinta: ci, sha, zo, na ƙoshi, na gode. Tsohuwar kuma Turancinta bai wuce na sayayya ba, shi ma ciwo ya kwashe. Shekara ashirin da ɗaya suna ƙaunar juna da kwanon miya da shafa kai.

Ƙarfe huɗu da rabi suka shiga ɗakin. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan gadon. Tsohuwa Lok ta ƙanƙance har bargo ya fi ta yawa, tana jan numfashi da ƙyar, ta tsaya, sai an fid da rai ta sake ja. Waihan ba ta makara ba. Nas ta taimaka suka zare rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya. Suka sa mata wando. Suka ɗago ta a hankali, ba ta fi nauyin yaro ba, suka zura hannun dama, suka zagayo da rigar, suka zura na hagu.

Sanyin silikin ne ya farkar da ita. Ta buɗe ido, ba ta dubi kowa ba. Yatsunta suka fara tafiya a kan ƙirjin rigar, fuskarta ta saki. Suka gangara gefe, suka tsaya a inda keke ya huda, suka wuce. Sannan hannun dama ya haye kan na hagu ya fara bi daga kafaɗa. Waihan na kallon yatsun nan suna hawa ɗinki suna sauka, suna hawa suna sauka, ta san ƙirgawa ake yi. Da suka kai ƙarshe suka tarar da fata. Hannun rigar ya tsaya a tsakiyar tafi, yatsu biyar duk a waje.

Tsohuwar ta juyo da ido ta sauke a kan 'yarta. Babu fushi a ciki, babu mamaki ma.

"Abu ɗaya na ba ki ajiya," ta ce da yarensu, a hankali, kalma bayan kalma. "Ɗaya tak."

Ta rufe ido.

Waihan ta tsaya kamar an dasa ta. Bayanin na nan a bakinta, duk da sunan mai laifi. Selina ta kama hannunta tana jijjigawa, kwalliyar idonta ta zubo har haɓa.

"Me ta ce? Ma, me Popo ta ce? Ta gane, ko? Don Allah ki gaya mini."

Waihan ta dubi mahaifiyarta, ta dubi 'yarta.

"Ta ce ɗinkin ya yi kyau," ta ce. "Ta ce an gode."

Selina ta fashe da kuka irin na wanda aka sauke wa dutse daga ka, ta durƙusa ta kifa goshi a kan bargon kakarta. Waihan ta zagaya ɗaya gefen ta kama bakin hannun rigar tana ja a hankali, ko zai ƙara ko da faɗin yatsa ɗaya. Bai ƙaru ba, kuma ta ji tsoron ja da ƙarfi. Tsohuwar ba ta ƙara cewa komai ba. Ƙarfe shida saura minti goma ta cika, jirgin Kinwah na sama.

An ce bikin ya yi armashi, 'yan rawa sun fito da gashi a sake, mutane sun ɗauka haka aka tsara. Selina ta gama jami'a, tana aiki yanzu, kuma takan ba ƙawayenta wannan labari in hira ta kai can. Ba ta rage komai a kan laifinta, har takardar rawaya takan ambata. Amma kullum da magana ɗaya take rufewa, cewa duk da haka kakarta ta ga rigar, ta yaba, ta yi godiya kafin ta tafi. In Waihan na wurin, Selina kan juyo ta ce, "Ko ba haka ba, Ma?"

Waihan kan ce, "Haka aka yi."